Aikin da ɗaliban injiniyan kanikanci ke yi wa na'urorin 5G

Ɗaga kai ka kalli dogon ƙarfen sabis na unguwarku, za ka hango fararen akwatuna maƙale can sama. Ni da na koyi rubuta manhaja da kaina, na daɗe ina zaton haɗa su aikin masu lantarki ne kawai. Ashe akwai hannun injiniyoyin kanikanci dumu-dumu.

Kamfanoni irin su Nokia a Finland da Ericsson a Sweden suna ɗaukar ɗaliban wannan fanni su koyi aiki na wasu watanni. Babbar matsalar da za su tarar ita ce zafi. Na'urar 5G mai eriya 64 tana ɗaukar zafi sosai, kuma galibi ba a sa mata fanka, don idan ta lalace sai an hau sama gyara. Saboda haka ɗalibi zai zauna da manhajar zane yana tsara haƙarƙarin alminiyon da ke bayan akwatin, waɗanda ke sakin zafin cikin iska. Ya ƙara musu girma, nauyi ya ƙaru, mai hawa ƙarfe ya sha wuya.

Sai gwajin IP65: kada ƙura ko feshin ruwa su shiga. Wanda ya ga hunturun Kano ya san amfanin wannan.

Mai sha'awar gurbin ya fara ƙwarewa a SolidWorks ko Creo.