Mai shekara arba'in da fataucin fure: shawara kafin a zuba jari



A ƙasashen Turai ana samun mutum ya kai shekara arba'in ko hamsin, ya ajiye aikin ofis ya buɗe kantin sayar da furanni. Ba hauka ba ne, don can fure haja ce. Ana noma shi a Kenya, a gefen tafkin Naibasha, jirgin sama ya kwana da shi zuwa Holan, a yi gwanjonsa da safe. To amma ɗanyen fure sai da ɗakin sanyi, kwana kaɗan ya yi yaushi. Wanda ya kasa shi a Daura cikin zafin bazara, kafin la'asar uwar kuɗi ta tafi.

Furen da ke biya a ƙasarmu shi ne soɓorodo, wato zoɓo. Masu fitar da shi waje suna ce masa fure, alhali kuwa jan ƙoƙon nan ne da ke rufe 'ya'yan yakuwa bayan furen ya kaɗe. Yana son jigawa, ba ya neman ruwa da yawa, shi ya sa ake shuka shi a gefen gonakin gero daga Daura zuwa Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Ɓaure. Ana shuka da damina, a cire da kaka, a ɓare, a shanya. 'Ya'yan, wato gurguzu, su ne na daddawar batso. Daga kasuwannin ƙauye kaya kan nufi Maigatari ran Alhamis, ko Dawanau ta Kano, inda mata ke tsince shi kafin a ɗura. Manyan masu saye suna Meziko, inda ake jiƙa shi a sha kamar yadda muke yi, sa'an nan Jamus, inda ake sa shi a ganyen shayi.

Saboda haka malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya karɓi garatuti, ko direban da ya gaji da hanya, in ya ji labarin riba sai ransa ya biya. To, malam, tsaya ka ji abu huɗu.

Na farko, nauyi. Ɗanyen soɓorodo in ya bushe, abin da ke saura bai fi kamar kashi ɗaya cikin goma ba. Wanda ya saya da sauran danshi, ruwa ya saya da kuɗinsa, kuma in ya ɗaure buhu a haka sai ya yi fumfuna. Busasshe na ƙwarai, in ka matsa shi a hannu za ka ji ƙaras.

Na biyu, tsabta. Wanda aka shanya a ƙasa yakan kwashi yashi da tsakuwa. Mai saye a Kano zai tankaɗe, ya ware kara da ɓarɓashi, ya biya ka abin da ya rage kawai. Ja mai duhu wanda bai farfashe ba shi ne mai daraja. A shanya bisa tabarma ko tampol.

Na uku, kuɗin mota. Kayan nan ba nauyi sai cika wuri. Babbar kwantena ma kamar tan 12 take ɗauka. Wanda ya yi lissafin mota da ƙa'idar buhun gero ya faɗi tun bai tashi ba.

Na huɗu, ƙwaro, kuma shi ne babba. A shekarar 2017, cikin wata tara, Nijeriya ta aika wa Meziko kwantena 1,983 ta zoɓo, kuɗinsu dala miliyan 35, bisa lissafin hukumar da ke duba lafiyar amfanin gona mai fita waje. Bayan wannan kaka sai Meziko ta rufe ƙofa, domin an ga wani ɗan ƙwaro mai ɓarnar hatsi a ajiya, ana ce masa kafra. Tsutsarsa kan laɓe a ɗinkin buhu da tsagar bango, ta yi watanni ba ci. An shafe shekaru kafin a koma kai kaya, da sharaɗin a turara su da magani a ɗaki na musamman kafin lodi. Wanda ya tara kaya don kasuwa guda, ran da ta rufe shi ke kwana ciki. Don haka kada a zuba zoɓo a tsohon buhun hatsi, kada a haɗa shi sito ɗaya da gero ko wake.

Ga kuma iyaka. An rufe ta a Agusta 2019, aka sake rufe ta Nijar a Agusta 2023 har zuwa Maris 2024. Mai dogaro da kayan ƙetare ta Kwangwalam ya riƙa tuna wannan.

Shawararmu ga mai shekara arba'in ita ce, kada ya ajiye abin da ke ciyar da gida sai ya ga kaka guda da idonsa. Ya bi wani tsohon hannu kasuwa-kasuwa, ko da ya girme shi, ya koyi awo da la'ada da sanin kaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya raba garatuti uku: na gida da makarantar yara, na jari, da na ajiya. Ya fara da buhu kaɗan, ya san mai sayensa tun kafin ya saya. Yaro in ya faɗi yana da shekarun tashi, magidanci kuwa in ya faɗi da iyali yake faɗuwa.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin. Wassalam.