Katanga Ba Ta Tare Ruwa

Wanda ya ratsa Rijiyar Zaki, Ɗanbare ko Mariri a gefen birnin Kano zai ga gidajen kusan duk kamarsu ɗaya. Ga doguwar katanga, ga get na ƙarfe, ga baƙin tankin roba can sama, tsakar gida kuma an shafe ta da siminti ko intalok. Maigida ya haƙa burtsatsensa, ya gina shaddarsa, ya sa sola. Shekaru ya yi yana tara bulo ɗaya bayan ɗaya don ya raba iyalinsa da gidan haya, kuma ya cancanci a yi masa barka. Sai dai akwai lissafin da ba a yi masa ba ranar da dillali ya nuna masa filin.

Yawancin waɗannan unguwanni awon igiya ne. Gona ce aka yanka fuloti-fuloti, ƙafa hamsin da hamsin ko hamsin da ɗari, aka bar ɗan siririn layi, ba a ware wa magudanar ruwa ko taku ɗaya ba. Ƙafa hamsin kuwa kimanin mita 15 ce. Masana tsaftar ruwa suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin bahaya da inda ake ɗibar ruwan sha. To a ƙaramin fuloti ina za a samo wannan tazara? Ko maigida ya kai burtsatsensa can kusurwa, sau da yawa shaddar maƙwabci tana jingine da bayan wannan katangar. Ƙazanta tana tsiyaya ta cikin ƙasa sannu a hankali, musamman da damina idan ruwan ƙasa ya taso, kuma ta irin wannan hanya kwalara da taifod suke shiga gidan da kullum ake share shi fes.

Ƙasan Kano dutse ne mai tauri. Ruwan da ake samu yana kwance ne a ɓangaren da dutsen ya rududduge da kuma cikin tsagoginsa, ba wani kogi ba ne yake gudu a can. Duk lokacin da famfon burtsatse ya ja, ruwan da ke kewaye da shi yakan yi ƙasa. Idan gida goma a layi guda suna ja, rijiyar mai ƙaramin ƙarfi ce take fara ƙafewa a watan Afrilu, sai ka ga 'ya'yansa da jarkoki suna jiran 'yan garuwa.

Ruwan sama ma haka yake. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 150, idan aka yi ruwan milimita 30 a daren Agusta, zai zubo da lita 4,500. A da gonar ce take shanye shi, ragowar ya gangara kududdufi. Yanzu an cike kududdufai da dama an yi gini a kai, tsakar gida siminti ce, sai kowa ya huda katanga ya sa bututu ya tura ruwan layi. Wanda gidansa yake gangare shi zai kwana yana kwalfa.

Abin da ya fi damuna shi ne mafi yawan wannan ana iya kauce masa tun kafin a sa harsashi. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma Kano tana da hukumar tsara birane, KNUPDA. Aikin hukuma ne ta riga dillali isa gona, ta fitar da titi da kwata da filin makaranta. Inda gini ya riga ya tsaya kuwa, mai unguwa da magidanta suna da abin yi: su zauna su san inda kowace shadda take kafin wani ya kira masu haƙa, su haɗa kuɗi a kan burtsatse guda mai zurfi nesa da ramuka, a riƙa kai ruwansa gwaji, kowane gida kuma ya bar wani sashe na tsakar gidansa ƙasa zalla, ya dasa darbejiya ko mangwaro a wurin.