Yadda Gwajin DNA Ke Mayar Wa Gawa Sunanta

Bayan darasinmu kan mafƙudi, wato wanda ya ɓata ba a san yana raye ko ya rasu ba, wasu sun tambaye mu: wai da gaske ne ana iya tono ƙashin da ya shekara talatin a ƙasa a gane ko na wane ne? Amsa ita ce e, amma da sharaɗi. Bari mu bi abin daki-daki.

A cikin ƙwayoyin jikin kowane ɗan Adam akwai wani abu da ake kira DNA. Kamar rubutu yake, kuma gadonsa ake yi: rabi daga uwa, rabi daga uba. Shi ya sa ɗa yake tarayya da mahaifinsa a rabi, da kakansa a wajen kashi ɗaya cikin huɗu, da ɗan baffansa a wajen ɗaya cikin takwas. In mutum ya rasu nama yakan ruɓe, amma haƙori da ƙashi mai tauri, irin na cinya, sukan riƙe wannan rubutu shekara da shekaru. Sai dai fa rubutun ba ya ɗauke da suna. Dole a kwatanta shi da na wani rayayye. To, nan sharaɗin yake: sai dangi sun ba da nasu.

Babban misali shi ne garin Srebrenica na ƙasar Bosniya. A watan Yulin 1995 dakarun Sabiyawan Bosniya suka kashe Musulmi maza da samari sama da 8,000. Daga baya, don ɓoye laifi, suka tone ramukan da manyan motoci suka kwashe gawawwakin zuwa wasu wurare, har ya zama ana samun ƙasusuwan mutum ɗaya a rami biyu ko uku. Ba fuska, ba takarda. Hukumar duniya mai neman waɗanda suka ɓata, ICMP, wadda aka kafa a 1996, sai ta bi iyalai tana karɓar ɗigon jini, ta tara na mutum sama da 20,000. A 2001 aka samu dacewar farko tsakanin ƙashi da jinin dangi. Zuwa yau an gane kusan mutum 7,000, kuma kowace ranar 11 ga Yuli ana yi wa waɗanda aka gano sallar jana'iza a maƙabartar Potocari.

To, idan kuma ba a san dangin da za a tuntuɓa ba fa? Nan wata dabara ta biyu ta shigo, wadda ta fi yaɗuwa a Amurka. Can miliyoyin mutane sun yi gwajin DNA don son sanin asalinsu, wasu suka zuba sakamakon a rumbun intanet irin su GEDmatch. Masu bincike sukan saka na gawar a ciki, su nemo waɗanda suka yi tarayya da ita ko da kaɗan ne, kamar waɗanda suka haɗa kakan kaka. Daga nan sai a koma takardun haihuwa da na aure, a jera salsalar gidan daga sama zuwa ƙasa, har a ga reshen da aka rasa mutum. Sannan a tabbatar da jinin ɗan'uwa na kusa. Da haka aka gano sunan wani yaro ɗan shekara huɗu da aka tsinci gawarsa cikin kwali a birnin Philadelphia a 1957. Sai a Disambar 2022 aka sanar, bayan shekara 65.

Wannan dabara ta biyu ba ta cika aiki a wajenmu ba. Rumbunan sun fi cika da jinin Turawa, takardun haihuwa na da can ba su wadata ba, auren zumunci kuma yakan sa dangi na nesa su fito kamar na kusa, lissafi ya rikice. Hanyar Bosniya ce ta fi dacewa da mu.

Me malamai suka ce? Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta amfani da gwajin wajen gane gawawwakin da aka kasa shaidawa da waɗanda suka ɓata a yaƙi ko bala'i. Amma ta hana a yi amfani da shi don kore nasabar da ta riga ta tabbata a shari'a. Mu kiyaye wannan iyaka.

Kun ga abin ya shafe mu. Gidaje nawa ne a unguwanninmu ɗansu ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, tun daga nan shiru kake ji? A mazhabar Malikiyya matar mafƙudi takan kai ƙara wurin alƙali, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da ba a zaton irinsa yana raye. Tabbacin rasuwa, duk ɗacinsa, yakan warware wannan ƙulli: mace ta san matsayinta, marayu su san rabonsu, uwa ta daina zabura duk sanda aka yi sallama a ƙofa.

Don haka wanda yake da ɗan'uwa da ya ɓata ya kai rahoto ofishin Croix-Rouge, mai sashen neman dangi. Ya faɗi ranar tafiya, da hanyar da aka bi, da alamomin jiki kamar tsohuwar karaya ko giɓin haƙori. In an nemi jini ko yawu, a fara gabatar da uwa, ko uba, ko ɗa, domin nasu ya fi ƙarfin shaida, kuma tsofaffi ba sa jira.

Allah Ya bayyana waɗanda suka ɓata, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ne mafi sani.