Yarinyar da ba ta da kowa a garin nan

'Yar'uwa, ki duba unguwarku da kyau. A Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi akwai yaran da ba a nan aka haife su ba. Wasu dillaliya ce ta kawo su aikatau daga ƙauyukan Jamhuriyar Nijar, wasu almajirai ne, wasu kuma gudun 'yan bindiga ya raba su da iyayensu. Mu ma tun 2019 dubban mutanenmu sun tsallaka yankin Maraɗi neman mafaka, don haka mun san zafin baƙunta. Baƙon yaro ya fi kowa sauƙin cuta, domin mai cutarsa ya san babu mai zuwa bin kadi.

Mu ma'aikatan jinya mun san alamomin: shatin bulala sabo a kan tsoho, ƙunar da ba ta yi kama da tsautsayi ba, yarinyar da sai ta kalli uwar ɗakinta kafin ta amsa tambaya. Gane alamar ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne abin da za a yi bayan an gane.

Na farko, sau da yawa yarinyar da kanta ke roƙon a rufa mata asiri. Idan ma'aikaciyar walwalar jama'a ta yi shiru, ta mayar da ita hannun mai dukanta. Idan ta kai rahoto, yarinyar na iya cewa an ci amanarta, ta kulle bakinta har abada. Hanya mafi tsafta ita ce kada a yi mata alkawarin shiru tun farko. A gaya mata wa za a sanar, da dalilin sanarwar.

Na biyu, mutane na saurin cewa "a mayar da ita gida". Wane gidan? Wataƙila ƙauyen ya watse. Wataƙila iyayen da kuɗin aikinta suke sayen hatsi, kuma bayan sati biyu za su sake miƙa ta ga wata dillaliyar. Riƙe ta a nan kuma raba ta ne da danginta. Shi ya sa ake fara binciken halin da gidan ke ciki, a kuma saurari yarinyar, kafin a saka ta a mota.

Doka ba ta tambayar ƙasar da yaro ya fito. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida.

To ke me za ki yi? Idan fyaɗe ne, asibiti za a fara zuwa, cikin awa 72, domin a lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki. Kada ki tara mata jama'a, kada ki ɗora hotonta a Facebook ko WhatsApp. Ki sanar da ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ko 'yan sanda. Kada ki yarda a sasanta da kuɗi a zaure alhali ba a duba lafiyarta ba.

In kuma a gidanki take aiki, ki tambayi kanki: yau ta ci abin da 'ya'yanki suka ci?