Kallon Namun Daji Daga Cikin Jirgin Ruwa: Darasi Daga Kogin Kinabatangan

Kogin Kinabatangan yana cikin jihar Sabah ta ƙasar Maleshiya, a tsibirin Borniyo, kuma tsawonsa ya kai kimanin kilomita 560. Daga ƙauyukan Sukau da Bilit ne masu yawon buɗe ido kan shiga ƙananan jiragen ruwa tare da ɗan jagora, ko dai da sassafe ko kuwa da la'asar sakaliya. Da zarar an hango dabba, sai a kashe inji, kowa ya yi tsit. A fita guda akan ga kada tana shan hantsi, da tsuntsaye dangin cilakowa, waɗanda iri 8 ne a yankin, wani lokaci har da giwaye ko goggon birin nan mai jan gashi da ake kira orangutan.

Shin me ke tara dabbobi haka a bakin kogi? Ruwa dai ba ya tsami banza. Akwai dalilai guda biyu.

Na farko shi ne ɗabi'ar dabbobin kansu. Alal misali, biri mai dogon hanci, wanda ba a samunsa ko'ina sai a Borniyo, yakan yini cikin daji yana cin ganye da ɗanyun 'ya'yan itatuwa. Da yamma sai ya dawo ya kwana a kan bishiyoyin gaɓa. Masana na ganin hikimar wannan ita ce, damisa ba ta iya zuwa masa sai ta ɓangaren tudu, shi kuwa yana iya tsunduma cikin ruwa, domin gwanin iyo ne. Sanin wannan ɗabi'a ne ke sa ɗan jagora ya zaɓi lokacin fita.

Na biyu kuwa aikin ɗan Adam ne. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 an sare mafi yawan dajin yankin, aka maye gurbinsa da gonakin kwakwar manja, itaciyar da asalinta daga Afirka ta Yamma ne. A shekarar 2005 gwamnati ta keɓe kimanin hekta 26,000 domin namun daji, amma a yanki-yanki suke, wasu wuraren ma ɗan siririn daji ne kawai ya rage a gefen ruwa. Saboda haka giwaye kan ratsa gonaki, su yi ɓarna. Orangutan kuwa, da yake bai iya iyo ba, sai da aka ɗaura masa gadojin igiya a kan ƙananan rafuka.

Ke nan yawan ganin dabbobi daga jirgi ba ya nuna cewa suna da yawa. Idan ɗakunan gida suka rushe, ɗaya ya saura, ai dole a tarar da shi maƙil da mutane. Don haka ya kamata ɗalibin kimiyya, kafin ya amince da kowace ƙidayar dabbobi, ya tambaya: a ina aka yi ta, da wane lokaci, kuma nawa ne ya rage na dajin da ke bayan bishiyoyin gaɓa?