Ɗan Kwalin Da Ya Fi Gidan Sama Tsada

'Yar'uwa, da a ce kina sharar ɗakin ƙanenki ki tsinci wani ɗan guntun kwali mai hoton ɗan ƙwallo, wanda bai kai tafin hannunki ba, ai ko waiwaye ba za ki yi ba sai dai ki haɗa da bola. To, iyaye mata a Amurka haka suka yi ta yi shekaru aru-aru, ga shi yau 'ya'yansu na cizon yatsa.

A watan Agusta na 2022 aka yi gwanjon wani kati mai hoton Mickey Mantle, gwanin wasan besbol, wasan nan da Amurkawa ke dukan 'yar ƙwallo da gora. Kada ki ji gwanjo ki zaci irin na kayan sawa ne, a nan kowa ƙara kuɗi yake yi har sai an sallama wa wanda ya fi tayi. An sallama katin a kan dala miliyan 12.6. Mai shi kuwa dala 50,000 ya saye shi a 1991. Ke dai bari!

Kamfanin Topps ne ya buga katin a 1952, ana saka irinsu cikin ƙunshin cingam yara na saya. Yaran nan ba su ɗauke su a bakin komai ba. Wasu su yi musaya, wasu su soka a ƙafar keke don ta riƙa ƙara kamar babur, ragowar kuma uwa ta share. Har ma ana ba da labarin cewa kamfanin da kansa ya loda waɗanda suka yi kwantai ya juye su cikin teku. Kin ga asirin ke nan: yawancinsu sun salwanta, 'yan kaɗan da suka tsira lafiya suka zama zinariya.

Akwai wanda ya girme shi, na Honus Wagner, da aka riƙa sakawa cikin kwalin taba daga 1909. Ba a jima ba aka daina buga nasa. Wasu sun ce shi ya hana don kada yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu kuma suka ce a'a, kuɗi ne ba a daidaita ba. Ko ma dai mene ne, waɗanda aka sani a duniya yau ba su wuce sittin ko makamancin haka ba. Ɗaya ya tashi a dala miliyan 7.25 a 2022.

Amma ƙarancin kaɗai bai isa ba, sai katin na da lafiya. Akwai kamfanoni irin su PSA, wanda aka kafa a 1991, aikinsu ke nan duba kati kamar yadda dangin ango ke ƙare wa amarya kallo. Su duba kusurwoyi huɗu ko sun dakushe, su duba gefe, su duba ko hoton ya zauna daidai a tsakiya, sannan su ba shi maki daga 1 zuwa 10 su rufe shi cikin roba mai ƙarfi. Lanƙwasa ɗaya tak kan iya zubar da darajarsa warwas. Kuma inda kuɗi yake ba a rasa 'yan damfara. Katin farko da PSA ta duba na Wagner ne, ta ba shi maki 8, sai a 2013 wani dillali ya amsa a kotu cewa shi ya datse gefensa don ya yi kyan gani.

Ni abin da ya fi ba ni tausayi shi ne mutanen da suka shiga harkar a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990. Sun ji labarin riba, suka yi ta sayen katuna kwali-kwali suna ɓoyewa, wasu da niyyar biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Su kuma kamfanoni da suka ga kasuwa ta buɗe sai suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Kowa ya adana nasa sumul, to wa zai saya a hannun wa? Yawancin katunan wancan lokaci yau ko kuɗin kwalin da aka zuba su ba su kai ba.

A ɓangaren ƙwallon ƙafa, wadda mu muka fi sani, kamfanin Panini na birnin Modena a Italiya ya fara buga littafin manna hotunan Kofin Duniya a 1970. Wani katin Pele na 1958, shekarar da ya ci kofin yana ɗan shekara 17, an sayar da shi dala miliyan 1.33 a 2022. Masu harkar sun fi son katin farko na ɗan wasa, wanda aka buga tun bai gama yin suna ba.

Mata ma ba a bar mu a baya ba, ko da yake ratar da ke tsakani tana da yawa. Katin Serena Williams na 2003, mai ɗauke da sa hannunta, ya tashi a dala 266,400 a watan Mayu na 2022. Wannan baiwar Allah ta ci manyan kofunan tanis 23 ita kaɗai, amma sai an tara irin katin nata sama da arba'in kafin a kai kuɗin na Mantle guda ɗaya.