Uban Jini da Uban Shari'a: Matsayin Mai Ba da Maniyyi

Kowane ɗan Adam yana fara rayuwa ne daga haɗuwar ƙwan mace da ƙwayar maniyyin namiji. Kowanne daga cikinsu yana kawo ƙunshin gado 23, waɗanda masana ke kira kuromosom, su haɗu su zama 46. Saboda haka rabin halittar yaro daga mai maniyyin take, ko da bai taɓa ganin uwar ba.

Tun da aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwanta da maniyyi a ɗakin bincike, likitoci suka sami hanyar taimakon ma'auratan da haihuwa ta gagara. Idan matsalar daga mijin take, wasu asibitoci kan yi amfani da maniyyin wani namiji dabam. To, wa zai ciyar da yaron, kuma wa zai gada?

A Ingila, dokar 1990 ta tanadi cewa wanda ya ba da maniyyi a asibiti mai lasisi ba uba ba ne, kuma ba a bin sa kuɗin reno. Daga 2005 aka ba yaron ikon sanin sunansa idan ya cika shekara 18. A jihar Kansas ta Amurka kuwa, kotu ta ɗora wa wani mutum ubanci a 2014 domin ya ba da maniyyinsa ba ta hannun likita ba, sai a 2016 aka sauke masa.

A birnin Zariya, inda alƙalai ke hukunta aure da gado bisa mazhabar Malikiyya, aure ne ma'aunin nasaba. Yaron da aka haifa bayan wata shida ko fiye da tarewa, na mijin ne, sai fa in ya kore shi ta hanyar li'ani. Ciyarwa da tufatarwa suna wuyan mijin, kuma shi yaron zai gada. Mai ba da maniyyi ba shi da haƙƙi a kan yaron, ba shi da nauyi. Amma hakan bai halatta aikin ba. A 1980 Shehu Jadul Haƙƙi, muftin Masar, ya yarda da dashen ƙwai tsakanin miji da matarsa, ya haramta shigar na uku.

Ilmin halittu ma yana da abin cewa a nan. Mutum guda zai iya haifar 'ya'ya a gidaje da dama ba su san juna ba. A gari irin Zazzau, inda ake yawan auratayya tsakanin unguwanni, wa da ƙanwa za su iya aure cikin rashin sani, abin da ke ƙara haɗarin cututtukan gado irin su amosanin jini. Wajibi ne ma'aurata su tambayi likita asalin maniyyin da za a yi amfani da shi tun kafin a fara magani.